Ƙwayar maganin fitsari ce ta kusa sa a ɗora Umma kan maganin tibi

1/ Jama'a, yau zare zan yi, kuma da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. A kan wata ƙwayar magani ce mai arha da ta kayar da mahaifiyata sau uku cikin wata shida, har aka kusa ɗora ta kan maganin tibi alhali ba ta da shi. Ƙila yanzu haka akwai irinta a durowar gidanku. Sai da na nemi izinin Umma kafin na rubuta.

2/ Sunan maganin nitrofurantoin. Shi ake yawan bayarwa in mace ta je da zafin fitsari, abin nan da muke haɗawa duka mu kira "infekshin" ko "sanyi". Wadda ta taɓa sha za ta gane shi, yana mai da fitsari ruwan ɗorawa mai duhu, wani har ya koma kamar ruwan shayi.

3/ Kar a fahimce ni a baibai, magani ne mai kyau. Tun 1953 ake amfani da shi, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma yawancin masu shan sa lafiya lau suke gamawa. Sai dai akwai 'yan tsiraru da jikinsu ke yi masa bore, boren kuma a ƙirji yake fitowa. Umma na cikinsu.

4/ Kafin labarin, bari mu san wurin da abin ke faruwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya ya ga abin. In an ciro huhu za ka ga yana sheƙi, sumul, kamar an lulluɓe shi da 'yar leda. In ka leƙa cikin haƙarƙarin ma akwai irin shimfiɗar. To, tantanin huhu ke nan. Namu ma haka yake, biyu ne: ɗaya a jikin huhu, ɗaya a bangon ƙirji.

5/ A tsakaninsu akwai ɗan ruwa, bai fi cokali ɗaya ko biyu ba, aikinsa irin na man inji. Shi ya sa kake numfashi sau dubbai a yini ba ka ji komai ba, huhu na zamewa a jikin haƙarƙari salin-alin. In tantanin ya kumbura, santsin ya tafi. Kowane numfashi sai sun gogi juna.

6/ Naman huhu shi kansa ba ya jin zafi. Tantanin da ke manne da bangon ƙirji ne ke da jijiyoyin jin ciwo. Shi ya sa ciwon yake da kamarsa daban: suka ce a gefe, kamar an caka maka tsinke, tana ƙaruwa in ka ja numfashi, ko ka yi tari, atishawa ko dariya. Wani lokacin har kafaɗa take amsawa.

7/ In kumburin ya ci gaba sai ruwa ya fara taruwa a tsakani, daga cokali biyu ya iya kaiwa lita ko fiye. A nan sukar kan ɗan lafa tunda ruwan ya raba su, mutum ya zaci sauƙi ya samu. Amma ruwan na matse huhu, sai haki ya maye gurbin suka. Yawancin "ruwa a huhu" da kuke ji ana faɗa, wannan ake nufi.

8/ To, Umma. Shekararta 57. Waina take soyawa a cikin gida kullum da safe tun muna firamare, yaran unguwa na layi da kwanukansu. Rabin kuɗin makarantarmu daga tandar nan ya fito. Mace ce da ba ta san kwanciya ba, ko zazzaɓi take yi da asuba za ka ji ƙamshin mai.

9/ Karo na farko, ta je wani ƙaramin asibiti ita kaɗai. An gwada fitsarinta, an rubuta mata magani na kwana 7. Komai bisa ƙa'ida. Mu a gida abin da muka sani shi ne Umma ta je asibiti ta dawo. Ba ta faɗi abin da ya kai ta ba, mu kuma ba a tambayar uwa irin wannan.

10/ Wajen kwana na shida zazzaɓi ya rufe ta, da busasshen tari da suka a haƙarƙarin dama. In za ta yi magana sai ta dafe gefen. Kun san yadda ake yi a ƙasar nan: maleriya da taifod, sai a ɗora da sanyin haƙarƙari. Aka ba ta magunguna. Bayan kwana uku ta miƙe, kowa ya yaba wa maganin maleriya.

11/ Ku riƙe wannan a ranku: daidai lokacin ne ƙwayar fitsarin ta ƙare. Babu wanda ya haɗa abubuwan biyu, don babu wanda ya san da ta farkon in ban da ita.

12/ Bayan wata uku zafin fitsarin ya dawo. Umma ba ta jefar da kwalin magani, tana da jakar leda guda ta tsofaffin kwalaye. Ta ɗauki kwalin, ta aiki yaron maƙwabta kemis ya sayo irinsa. Ba a tambaye shi takardar likita ba, ba a tambaye shi na wane ne ba. Ta sha da rana, ta sha da dare.

13/ Wannan karon bai jira kwana shida ba. Kafin asuba rawar sanyi ta kama ta, haƙoranta na haɗuwa, bargo biyu bai ishe ta ba. Sukar ta dawo gefen nan dai. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta tsaya ta huta. Yaya ya ɗauko mota muka tafi asibiti, aka ba ta gado.

14/ Aka yi hoton ƙirji. Likitan ya ɗaga shi yana nuna mana ƙasan huhun dama, wurin da ya kamata a ga kusurwa mai tsini ya shafe, ya yi fari. Ya ce ruwa ne kaɗan. Sai ya fara jero tambayoyi: tana rama? Tana gumin dare? Akwai mai tari a gida? Tun kafin ya ambaci sunan na san inda ya dosa.

15/ Kuma fa bai yi laifi ba. Najeriya ce ke kan gaba a Afirka wajen yawan masu tibi, kuma a wurarenmu tibi na daga cikin abin da ya fi tara ruwa a gefen huhu. Likitan da ya ga irin hoton nan bai kawo tibi a ransa ba, shi ne abin tsoro.

16/ Aka nemi majina, da ƙyar ta fito don tarin busasshe ne. Aka kai injin GeneXpert, bai ga komai ba. Likita ya ce wannan bai wanke ta ba, don in tibin na tantani ne ƙwayoyin cutar kan yi ƙaranci, gwaji na iya wuce su. Ana ta yi mata allurai, kwana uku ta warware. Tana kwance a asibiti, ƙwayar kuma tana gida a ƙarƙashin filo.

17/ Aka sallame mu da sharaɗi: in ya sake dawowa, za a fara maganin tibi ko gwaji bai nuna ba. Wata 6 ke nan, wata 2 ana shan haɗin magani huɗu, wata 4 ana shan biyu. Magunguna ne masu ceton rai, kuma kyauta ake ba da su, amma suna da nauyi a hanta. Ba abin da za ka so a ba wanda ba shi da cutar ba ne.

18/ Sai kuma maganar ta fita. Gwaggo ta zo dubiya ta ji an ce "gwajin majina", shi ke nan. Washegari ta dawo da sabon kofi da cokali ta ce a ware wa Umma. Ta ce, "Ni ba ƙyama nake ba, yaran nan nake ji." Umma ta karɓa ta ce ta gode. Ni na ga fuskarta da Gwaggo ta juya baya.

19/ A sati biyu layin waina ya watse. Mai sayen ta ɗari biyar kullum ya koma aiko da gaisuwa. Ƙullun da ba ya kai ƙarfe tara sai ya kai azahar, ƙarshe a zuba wa kaji. Matar Yaya ta daina kawo jaririyarsu, takwarar Umma ce fa. Wannan ya fi ci mata rai fiye da kuɗin.

20/ A nan zan ɗan tsaya. Ko da tibin ne, ba ta kofi ko cokali ake ɗauka ba, ba kuma ta waina ba. Ta iska ake ɗauka, in mai tibin huhu da bai fara magani ba ya yi tari a wurin da iska ba ta zagayawa. Kuma ana warkewa sarai. Ƙyamar da muke nunawa ce ke sa mutane ɓoyewa har su yaɗa wa iyalansu.

21/ Karo na uku, bayan wata biyu da 'yan kwanaki. Ragowar ƙwayar nan ta ƙarƙashin filo. Ta sha ɗaya bayan la'asar, kafin isha tana zaune ta dafa gwiwoyi tana neman iska. Ba ta iya haɗa kalma uku. A asibiti aka maƙala mata ɗan abin nan na yatsa, ya nuna 88. Na mai lafiya daga 95 yake zuwa sama. Nan take aka sa mata oksijin.

22/ Wata matashiyar likita ce a bakin aiki daren. Ta ɗauki fayil ta karanta tun daga farko, ta daɗe tana juya shafuka. Sai ta ce wani abu na damun ta: tibi ba ya zuwa cikin dare ɗaya ya tafi cikin kwana uku, ya sake dawowa haka har sau uku. Ta ce kamar akwai abin da ke kunna shi yana kashewa.

23/ Ta tambayi Umma ko tana shan wani magani. Umma ta ce na hawan jini ne kawai. Yaya na tsaye a kanta, ga wani ma'aikacin jinya namiji yana gyara ƙarin ruwa. Likitar ta kalle ta, ta kalli mazan, ta ce, "Don Allah ku ɗan ba mu wuri." Ni ta bar ni.

24/ Ta jawo kujera ta zauna dab da gadon, ta rage murya. "Mama, ni 'yarki ce. Daga jiya zuwa yau me ya shiga bakinki? Ko na kemis, ko na gargajiya, ko na matsalar mu ta mata." Umma ta yi shiru, ta kalli bango. Can ta ce, "Sai dai ɗan na fitsarin nan."

25/ Wallahi har yau ina tuna yadda likitar ta ajiye biro. Ta ce wane iri? Umma ta ce mai sa fitsari ya yi kala. Ta ce wancan karon ma kin sha? E. Na farkon fa? E, shi ma. Aka tura Yaya gida cikin daren ya kwaso jakar kwalayen gaba ɗaya. Ga shi nan a ciki, kwali biyu.

26/ Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. An tambayi Umma magani a kwanciyar baya, amma a gaban ɗanta na fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa. Ta yaya za ta buɗe baki ta ce fitsari ke mata zafi? Kuma a ganinta me ya haɗa mara da ƙirji? Kunya ta rufe rabi, rashin sanin alaƙar ya rufe sauran.

27/ Da safe aka ɗebi jini. Wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira eosinofil ya hau sosai. Su ne ke yawaita in jiki na faɗa da tsutsar ciki, ko in yana yi wa wani abu alaji. Saboda tsutsa ta yi yawa a wurarenmu sai da aka duba bayan gida ma, ba a samu komai ba.

28/ Aka yi sikanin na ƙirji, aka sa allura ta tsakanin haƙarƙari ta baya aka zuƙo ruwan, kalar fitsari, garau. Sun kashe wurin tukuna, Umma ta ce tsoron ya fi zafin. Aka aika da shi gwaje-gwaje, har da na tibi da na kansa. Babu ko ɗaya. Su eosinofil ɗin nan ne dai a cikin ruwan ma.

29/ Maganin? A daina ƙwayar. Babban likita ya ƙara da prednisolone na ɗan lokaci don kwantar da kumburin, tunda numfashinta ya yi ƙasa. Cikin kwana biyu zazzaɓi ya sauka, aka cire oksijin. Bayan 'yan makonni aka sake hoto, kusurwar nan da ta shafe ta dawo da tsininta.

30/ Duk da haka ba su sake mu ba. Babban likitan ya ce tibin tantani na iya bushewa da kansa, mutum ya zaci ya warke, daga baya ya ɓullo a cikin huhu. Don haka aka riƙa ganin ta lokaci-lokaci, ana auna nauyinta, ana sake hoto. Shekara ta zagayo, shiru. Ba ta sake shan ƙwayar ba, ciwon bai sake zuwa ba.

31/ Me ya sa kowane karo ya fi na baya sauri? Garkuwar jiki ba ta mantuwa. A karon farko sai da ta ɗauki kwanaki kafin ta sa wa maganin alamar abokin gaba. Daga nan, da ya shigo take far masa, huhu da tantaninsa su zama filin daga. Daga kwana shida ya koma dare ɗaya, ya koma 'yan awanni.

32/ Illar nitrofurantoin a ƙirji iri biyu ce. Akwai ta gaggawa irin ta Umma: zazzaɓi, rawar sanyi, tari, suka, haki, wani da ƙuraje. Tana zuwa daga 'yan awanni zuwa sati ɗaya ko biyu da farawa, kuma yawanci tana tafiya da wuri in an daina. Wannan mai hayaniya ce, tana da saurin kamawa in an yi tambayar da ta dace.

33/ Ta biyun ta fi sanɗa. Tana samun waɗanda aka ɗora kan ƙwayar kullum na tsawon watanni don hana ciwon dawowa, galibi mata masu shekaru. Babu zazzaɓi mai ƙarfi, sai tari da haki da ke ƙaruwa a hankali, a ce tsufa ne. Tana iya barin tabo a huhu wanda ba ya gogewa duka ko an daina.

34/ Ba mu kaɗai abin ke wucewa ba. A watan Afrilun 2023 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya sai da ta fitar da tunatarwa ga likitocinta a kan illar wannan maganin ga huhu da hanta. Maganin da ya shekara 70 ana amfani da shi, amma har yanzu sai an tuna wa masu rubuta shi.

35/ Kuma ba shi kaɗai ba ne. Likitar ta lissafo min wasu da ke iya taɓa tantanin huhu. Amiodarone, na daidaita bugun zuciya, wanda ke daɗewa a jiki har watanni bayan an daina. Methotrexate, na wasu cututtukan gaɓoɓi da fata da kansa. Sodium valproate da phenytoin, na farfaɗiya.

36/ Akwai bromocriptine da cabergoline, da mata da yawa suka sani ta wajen neman haihuwa in sinadarin ruwan nono ya hau. Suna iya sa tantanin ya yi kauri, amma an fi ganin haka ga masu shan adadi mai yawa na dogon lokaci, kamar masu cutar makyarkyata ta Parkinson. Kar wata ta firgita ta watsar da nata.

37/ Wasu kuma ta bayan gida suke biyowa: su sa jiki ya yi wata cuta mai kama da lupus, da ciwon gaɓoɓi da zazzaɓi da sukar ƙirji, bayan watanni ana sha. Hydralazine na hawan jini na ciki, da procainamide, da minocycline da matasa ke sha don ƙurajen fuska. Har isoniazid, ɗaya daga magungunan tibin kansa.

38/ Wanda abin ya fi bayyana a kansa shi ne dasatinib, na wani nau'in kansar jini. A babban binciken da aka bi masu shan sa shekara 5, kusan 28 cikin 100 sun tara ruwa a gefen huhu. Likitocinsu sun san da haka, suna sa ido, su rage adadi ko su canza. In an san illa tun farko, rabin haɗarinta ya tafi.

39/ Yanzu abin da nake tsoro: wani ya karanta zaren nan ya je ya daina maganin farfaɗiyarsa ko na zuciya. Don Allah kar ka yi. Yanke irin waɗannan farat ɗaya na iya kashe mutum. In ka ji sabon tari, haki ko suka bayan fara magani, ka ɗauki kwalin ka je wurin likita a ranar, shi zai ce a tsaya ko a canza.

40/ Shi nitrofurantoin kam, takardar cikin kwalinsa ta faɗa: in numfashi ya canza, ko tari da zazzaɓi da ciwon ƙirji suka taso, kar a ƙara ko ƙwaya ɗaya, a nemi likita nan take. Takardar nan da muke yagewa mu jefar tun a bakin kemis. Da Turanci take, rubutun kamar ƙafar tururuwa. Umma boko kaɗan ta yi. Wa zai karanta mata?

41/ Wani abin kuma: sukar ƙirji mai bin numfashi ba kullum magani ne ke kawo ta ba, sau da yawa ma ba shi ba ne. Nimoniya na kawo ta, tibi na kawo ta. Gudan jini da ya toshe jijiyar huhu na kawo ta, musamman ga mai jego, wanda aka yi wa tiyata, ko wanda ya daɗe a kwance. Ga masu sikila kuma, ciwon ƙirji da zazzaɓi abin gaggawa ne.

42/ Don haka in ka ga ɗaya daga waɗannan, ba zancen kemis ko "bari mu ga safiya": haki a zaune, kasa ƙarasa magana, leɓe ko farce ya canza kala, tarin jini, jiri ko suma, zuciya na gudu. Asibiti kai tsaye. A tafi da duk magungunan gidan a leda.

43/ Ledar nan ita ce babban darasin da na ɗauka. In an ce "wane magani kake sha", mu abin da muke ji shi ne wanda likita ya rubuta. Na kemis ba ya shiga lissafi. Jiƙo da tsimi da garin magani ba sa shiga. Na ƙarin ƙiba, na rage tumbi, na ƙarfin maza, na mata, duk a rufe. Jiki kuwa bai san wannan rabon ba, duka yake karɓa.

44/ Na biyu, kwanan wata. Da a ce akwai inda aka rubuta "ranar kaza na fara ƙwaya kaza, ranar kaza zazzaɓi ya zo", ko ɗan sakandare zai ga zaren tun karo na biyu. Wayarka na da wurin rubutu. Ɗauki hoton kwalin ma ya isa, hoton na ajiye ranar da kansa.

45/ Na uku, tsohon kwali ba takardar likita ba ne. Zafin fitsari na iya dawowa da wata ƙwayar cuta daban wadda maganin baya ba ya kashewa. In yana yawan dawowa, a yi gwajin da ake shuka fitsarin a ga wace cuta ce da abin da ke kashe ta, a duba suga. Ga matan da al'ada ta ɗauke musu, yawan dawowarsa sanannen abu ne, kuma akwai abin yi.

46/ Na huɗu, ga ma'aikatan lafiya da ke bibiyata, da girmamawa: ku duba wa ke tsaye a ɗakin kafin ku yi tambaya. Dattijuwa ba za ta faɗi ciwon mararta a gaban ɗanta ko surukinta ba, ko numfashinta na fita. Minti biyu da likitar nan ta ɗauka ta fitar da maza sun yi abin da hoto da gwajin majina ba su yi ba.

47/ Na biyar, a kai rahoto. NAFDAC na da sashen bibiyar illolin magunguna, akwai fom mai ruwan ɗorawa a asibitoci, akwai manhajar Med Safety da suka ƙaddamar a 2020, kowa na iya cikewa a waya. Rahotannin na isa wata cibiya a Uppsala ta ƙasar Suwidin da ke tara na duniya. In ba mu kai namu ba, ba za a san yadda magunguna ke yi a jikinmu ba. Na Umma mun kai.

48/ In kuma tari ya kai sati biyu, a je a yi gwajin tibi, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, maganin ma haka. Labarin Umma ba hujjar gudun gwaji ba ne. Ita sai da aka gwada ta ciki da waje kafin aka ce ba shi ba ne. Wanda ya tsallake gwaji ya ce "ai illar magani ce", kansa da iyalinsa ya cuta.

49/ Yau a bangon fayil ɗin Umma an rubuta sunan maganin da jan biro. Akwai ɗan kati a jakarta, wani a wayata, wani a ta Yaya. Ta haddace sunan ma, duk da yadda take furta shi sai ka yi dariya. Ko maganin ciwon kai za a ba ta sai ta ciro katin ta ce, "Ɗana, duba min, babu wannan a ciki ko?"

50/ Wainar ta fi daɗewa ba ta warke ba. Jita-jita na shiga gida-gida da gudu, gyaranta kuwa da rarrafe. Sai da aka yi watanni kafin layin ya dawo, wasu har yau ba su dawo ba. Gwaggo ce da kanta ta riƙa zuwa da safe tana zama a tsakar gida tana ci a kwano ɗaya da Umma, don masu shigowa su gani. Takwara ma ta dawo, yanzu ita ke ɓarin ƙullu.

51/ Abin da nake roƙo kaɗan ne. Mu 'yan mata, mu ne za mu iya shiga ɗakin iyayenmu mata mu rufe ƙofa mu ce, "Umma, kawo jakar magungunan nan mu duba tare." Ku karanta musu takardar cikin kwali da Hausa. Ku tambayi wanda suke sha ba su faɗa ba. Samari kuma, ku yi wa su Baba haka, su ma suna da nasu na ɓoye.

52/ In akwai likita ko mai haɗa magunguna a nan da ke da ƙarin bayani, bismillah, a sa a ƙasa kowa ya amfana. Masu tambayata ta akwatin saƙo wane magani za su sha, amsar ɗaya ce: asibiti, da ledarku a hannu. Ku tura wa wanda mahaifiyarsa ke ajiye tsofaffin kwalaye. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.